Ƙarin Wa'adin Taron Masu Bin Bashi: Yadda Kantomomin Riƙo Suka Yi Mana Aiki a Melbourne

Wannan sharhi ne a kan aikin wani ofishin akantoci da ke birnin Melbourne a ƙasar Ostiraliya, wanda aka naɗa mutum biyu daga cikin manyansa su zama kantomomin riƙo a kan wani kamfanin sarrafa abinci da ya kasa biyan basussukansa. Ni ina cikin ƙananan masu bin kamfanin bashi, domin sana'ata ita ce sayar da kwalaye da robobin zuba abinci da kayan tsafta ga masana'antu da gidajen cin abinci, kuma a ranar da kamfanin ya durƙushe akwai kuɗin kayana na kusan wata uku a hannunsa. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, haka ma sunan kamfanin. Abin da nake so in auna shi ne yadda suka tafiyar da batu guda ɗaya, wato zuwa kotu neman ƙarin wa'adin kiran taro na biyu na masu bin bashi, da kuma abin da suka yi da lokacin da aka ƙara musu. Ra'ayina shi ne suna da hujjar neman ƙarin, kuma sun yi aiki da shi yadda ya kamata, amma ba su ba mu matsayin da ya dace da mu ba, alhali lokacin da suka nema namu ne, kuma daga aljihunmu aka biya kuɗinsa.

Sai an san yadda dokar take kafin a gane nauyin wannan magana. A Ostiraliya, idan daraktoci suka ga kamfaninsu ya kasa biyan bashi, ko kuwa yana gab da kasawa, Dokar Kamfanoni ta 2001 ta ba su damar miƙa shi ga kantoma, wanda dole ne ya kasance yana da rajista da ASIC, hukumar da ke sa ido a kan kamfanoni. Tsarin ya soma aiki ne tun 1993, a ƙarƙashin dokar da ta gabaci wannan, bayan shawarwarin da ke cikin rahoton Harmer na 1988, wato rahoton hukumar gyaran dokoki ta ƙasar a kan karyewar kamfanoni da mutane, kuma dokar ta faɗi manufarsa a fili: a ceto kamfanin, ko abin da zai cetu na kasuwancinsa, in kuma hakan ya faskara, a samar wa masu bin bashi abin da ya fi wanda za su samu da a ce an rushe shi nan take. A kan gaggawa aka gina tsarin. Taro na farko dole a yi shi cikin kwanakin aiki 8 daga naɗin kantoma, kuma abin da ake yankewa a wurin bai wuce biyu ba, ko za a sauya kantoman, da ko za a kafa kwamitin sa ido. Taro na biyu shi ne mai nauyi. An ba kantoma kwanakin aiki 20 ya kira shi, ko 25 idan naɗin ya faɗo a watan Disamba ko gab da bikin Ista, kuma ana yin zaman ne cikin kwanakin aiki 5 kafin cikar wa'adin ko bayan cikarsa. A wannan taro ne masu bin bashi suke zaɓar ɗaya daga cikin uku: a mayar wa daraktoci kamfaninsu, ko a rushe shi a sayar da kadarorinsa, ko a ƙulla yarjejeniyar sasantawa wadda za ta fayyace nawa kowa zai samu da lokacin da zai samu.

Kafin wannan taro, hannun kowa a ɗaure yake. Ba ka da ikon shigar da kamfanin ƙara, ko ci gaba da wadda ka riga ka shigar, sai da yardar kantoma a rubuce ko izinin kotu. Mai ginin da kamfanin yake haya ba zai iya karɓe gininsa ba, wanda ya ba da hayar inji ko mota ma haka. Hatta daraktan da ya tsaya wa kamfanin a kan bashi, ba a iya bin sa a wannan lokaci sai kotu ta yarda. Wanda ya fi kowa sarari shi ne mai jingina a kan dukkan kadarorin kamfanin ko kusan dukkansu, galibi banki, wanda dokar ta ba kwanakin aiki 13 ya yanke shawarar ko zai ɗauki mataki. Saboda haka duk ranar da aka ƙara a kan wa'adin taro na biyu, an ƙara ta ne a kan wannan ɗauri, shi ya sa dokar ba ta bar kantoma ya ƙara wa kansa ba, sai ya je gaban alƙali ƙarƙashin sashe na 439A ya kawo dalili.

A makonnin farko ban ga abin kushewa a aikinsu ba. Takardarsu ta farko ta iso ta imel jim kaɗan bayan naɗin, kuma a cikinta akwai bayanin da dokar ta wajabta musu game da zaman kansu, wato ganawar da suka yi da daraktoci kafin naɗin, da wanda ya haɗa su, da ko wani ya yi alkawarin ɗaukar nauyin kuɗin aikinsu. Sun raba tsohon bashi da sabon ciniki rabuwa ta sarari. Sun ce a rufe tsohon asusu daga ranar naɗi, a buɗe sabo da sunan kamfanin a ƙarƙashin kantomomi, kuma kada a kai ko kwali ɗaya sai da takardar oda mai ɗauke da sa hannun ɗaya daga cikin mutanen da suka liƙa samfurin sa hannunsu a shafi na ƙarshe. Akwai dalilin wannan tsanani, domin dokar ta ɗora wa kantoma shi kansa alhakin biyan kayan da ya saya a lokacin riƙonsa. Na ci gaba da kai musu kaya a kan wannan sharaɗi, kuma duk abin da na kai bayan naɗin an biya ni a kan lokaci, ba tare da na yi zirga-zirga ba. Wajibi ne in faɗi wannan, domin shi ne ya riƙe kasuwancina a watannin da suka biyo baya.

Sun kuma yi adalci a batun kayan da aka tarar a sito. A Ostiraliya, wanda ya sayar da kaya a kan sharaɗin cewa mallakarsa ne har sai an biya shi, sharaɗin ba ya tsinana masa komai idan bai shigar da shi a rajistar PPSR ba, wato rajistar gwamnati inda ake shigar da irin wannan haƙƙi a kan kaya, kafin naɗin kantoma, domin kayan sai su koma cikin dukiyar kamfanin. Waɗanda suka yi rajista an sa musu rana suka zo suka ƙirga kayansu tare da ma'aikacin ofishin, waɗanda ba su yi ba kuma aka faɗa musu gaskiya ba tare da an ja musu rai ba.

Taro na farko ta intanet aka yi shi. An rufe makirufon kowa, mai tambaya sai dai ya rubuta a akwatin saƙo, ɗaya daga cikin kantomomin yana karantawa yana amsawa. Can kusa da ƙarshe, bayan an gama batun kwamitin sa ido, sai ya ce mai yiwuwa su nemi kotu ta ƙara wa'adin taro na biyu, ya tambaya ko akwai mai ja, ya ɗan saurara, sannan ya wuce. Babu wanda ya ja, domin mafi yawanmu ba mu san abin da ƙarin yake nufi ga aljihunmu ba, shi kuma bai faɗi tsawon lokacin da za su nema ba. Daga baya na ga a takardar rantsuwarsu an rubuta cewa an sanar da masu bin bashi a taro na farko, kuma babu wanda ya nuna adawa. Maganar gaskiya ce, amma shirun mutanen da ba a yi wa bayani ba bai kamata a kai shi gaban alƙali da kamannin yarda ba. Da sun ba batun minti goma, suka ce ga abin da muke nema, ga dalilinmu, ga waɗanda jiran zai fi cutarwa, da wanda ya yi shiru ya san a kan me ya yi.

Dalilan da suka kai kotu kuwa masu ƙarfi ne, kuma na yarda da su. Kamfanin ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu ƙananan kamfanoni da ke ƙarƙashin masu mallaka ɗaya, kuma kuɗi sun yi ta kai-komo a tsakaninsu ba tare da rubutu mai kyau ba. Ma'aikata suna da yawa, wasu na dindindin wasu na wucin gadi, kuma lissafin haƙƙoƙinsu na hutu da sallama bai kammala ba. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne akwai masu sha'awar sayen masana'antar tana kan aiki, kuma irin wannan ciniki ba ya ƙarewa cikin mako huɗu, domin mai saye zai so ya duba littattafai, ya zauna da mai ginin a kan batun haya, ya kuma tabbatar cewa manyan kantunan da ake kai wa abinci za su ci gaba da saye. Darajar masana'antar abinci tana cikin kwangilolinta da ma'aikatanta da takardun izininta na tsafta. Ranar da aka kashe firji aka sallami mutane, abin da ya rage ƙarafa ne da za a yi gwanjonsu.

Kotunan Ostiraliya sun daɗe da shimfiɗa ma'aunin wannan buƙata. A shari'ar Diamond Press ta 2001, Mai Shari'a Barrett ya bayyana cewa aikin kotu shi ne daidaita abu biyu, wato tsammanin cewa riƙon zai kasance mai sauri, da kuma buƙatar kada saurin ya ɓata matakan hankali da za su ƙara wa masu bin bashi abin da za su samu. A shari'ar Riviera Group ta 2009, Mai Shari'a Austin ya jero irin dalilan da kotuna suka saba karɓa, daga cikinsu akwai girman kasuwancin, da sarƙaƙiyar da ke tsakanin kamfanonin gida ɗaya, da yawan ma'aikata masu haƙƙoƙi masu wuyar lissafi, da rashin samun littattafan kuɗi, da lokacin da ake buƙata don sayar da kasuwanci yana tafiya. Kusan duk waɗannan sun hau kan kamfanin da muke bi bashi, kuma alƙali ya ba su kimanin wata uku.

Wanda yake ganin wata uku ya yi yawa, ya dubi Virgin Australia. Kamfanin jiragen saman ya shiga hannun kantomomi daga ofishin akantoci na Deloitte a watan Afrilun 2020, a tsakiyar annobar korona, da bashin da ya doshi dala biliyan 7 na Ostiraliya, da masu bin bashi fiye da 10,000, mafi yawansu ma'aikata. An yi taro na farko ranar 30 ga Afrilu, Kotun Tarayya ta ƙara wa'adin taro na biyu zuwa watan Agusta, aka ƙulla cinikin sayar da shi ga kamfanin zuba jari na Bain Capital a ƙarshen Yuni, sannan masu bin bashi suka amince da yarjejeniyar ranar 4 ga Satumba, bisa ƙiyasin cewa marasa jingina za su samu santi 9 zuwa 13 a kowace dala. Babu mai cewa za a iya sayar da kamfanin jirage cikin kwanakin aiki 20. Sai dai akwai darasi na biyu a cikin wannan tarihi, wanda ya shafe mu kai tsaye: kafin a zauna taron, an riga an sa hannu a kan cinikin, domin dokar ta ba kantoma ikon sayar da kasuwancin ba tare da ƙuri'ar masu bin bashi ba, kuma da wasu masu riƙe da takardun bashin Virgin suka je kotu suna neman hanyar gabatar da tasu shawarar, ba su yi nasara ba. Ƙarin wa'adi yana ɗauke ainihin shawarar daga zauren taro ya kai ta ofishin kantoma. Wannan ba laifi ba ne, amma yana nufin cewa nauyin yi wa mutane bayani ya ƙaru a kan wanda aka ƙara wa lokacin, kuma a nan ne kantomominmu suka yi sanyi.

Inda na fi jin zafin aikinsu shi ne sanarwar zuwa kotu. Imel ɗin ya shigo ne da yammacin Juma'a, bayan an tashi daga aiki, yana cewa za a saurari buƙatar a farkon mako mai zuwa, kuma duk mai son ganin takardun ya rubuto a aika masa. Na rubuta a daren, takardun suka iso ranar Litinin, an kuma rufe sashen da ya shafi tayin masu saye bisa dalilin sirrin ciniki. Ban ƙi rufe wannan sashe ba, domin idan mai saye ɗaya ya ga tayin ɗan'uwansa, mu ne za mu yi asara. Abin da na ƙi shi ne ƙurewar lokacin, tun da sun san da wannan niyya tun taro na farko. Gaskiya ne umarnin kotun ya bar ƙofa a buɗe, cewa duk mai ruwa da tsaki zai iya komawa ya nemi a sauya shi, kuma sun nuna mana wannan a takardarsu ta gaba. Amma ɗaukar lauyan da zai tsaya maka a irin wannan kotu yana iya cinye abin da ya wuce bashin da kake bi, saboda haka ga ƙaramin ɗan kasuwa, damar da yake da ita a zahiri ita ce ya rubuta wa kantoma ƙorafinsa kafin zaman, a haɗa da takardun da za a miƙa wa alƙali, kuma wannan damar ce sanarwar yammacin Juma'a take toshewa.

Jiran bai zo wa kowa da nauyi ɗaya ba. Gwamnatin tarayya tana da shirin FEG, wanda yake biyan ma'aikatan kamfanin da ya karye albashin da ba a biya su ba har na mako 13, da kuɗin hutu, da kuɗin sallama, amma shirin ba ya buɗewa sai an shiga rushe kamfanin. Muddin yana hannun kantoma, ma'aikacin da aka sallama sai dai ya jira, kuma wata uku ba ƙaramin jira ba ne ga mai biyan hayar gida kowane mako. A ɗaya ɓangaren, shirin bai haɗa da masu bizar wucin gadi ba, irin su ɗalibai 'yan ƙasashen waje, waɗanda suke da yawa a layin shirya abinci na wannan masana'anta, saboda haka su babban abin da zai fisshe su shi ne a sayar da kasuwancin yana tafiya, a ci gaba da aiki. Kantomomin sun ambaci duka biyun a takardar rantsuwarsu, kuma na yaba musu da ba su ɓoye wa alƙali waɗanda za su cutu ba.

Akwai wani dattijo mai motar firji guda ɗaya, wanda ya yi shekara da shekaru yana yi wa kamfanin dakon kaya, muna haɗuwa da shi a bakin sito da asuba. A idon doka shi ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwangila ne, saboda haka ba shi da fifikon da ma'aikata suke da shi wajen rabo, ba shi da FEG, kuma kuɗin motar da yake biya duk wata bai tsaya ba don kotu ta ƙara wa'adi. Wata safiya ya miƙo mini wayarsa da umarnin kotun a buɗe, ya ce, “Ɗana, duba mini nan, a ina aka rubuta ranar da za a biya mu?” Na ce, “Baba, babu ita a ciki, wannan ranar taro kawai aka ɗaga.” Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya mayar da ita aljihu. Shafi ɗaya cikin sauƙin harshe, mai cewa ga abin da umarnin yake nufi, ga abin da ba ya nufi, ga lokacin da ake sa ran rabo idan komai ya tafi daidai, da ya wadatar da shi, kuma rubuta shi ba zai ci wa ofishin rabin sa'a ba.

A tsawon watannin ƙarin, bayanin da ya riƙa iso mana bai taka kara ya karya ba. Kwamitin sa ido yana samun rahoto a kai a kai, amma mambobinsa manyan masu bin bashi ne da wakilin ma'aikata, kuma sun sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri, saboda haka abin da suka ji a wurinsu yake tsayawa. Mu sauran sai jita-jita daga bakin direbobi da ma'aikatan sito. Tun gyaran dokar da ya soma aiki a 2017, mai bin bashi yana da haƙƙin neman bayani ko takarda daga kantoma, kuma idan buƙatar mai ma'ana ce wajibi ne a amsa masa. Da na rubuta a hukumance ina tambayar ko kasuwancin yana cin riba ko faɗuwa yake yi a hannunsu, sun amsa cikin mako guda, amsa gamsasshiya mai ɗauke da alƙaluma. Wannan ya nuna mini cewa bayanin yana nan a shirye, sai dai ba a bayar da shi sai ga wanda ya san yadda ake nema. Dole kuma in yaba wa wata matashiyar ma'aikaciya da ke ɗaukar wayar masu bin bashi, wadda ta bi takardar shaidar bashina layi-layi, ta gano rasit ɗin da littafin kamfanin ya tsallake, ta sa aka gyara adadin kafin ranar ƙuri'a. Ba ta taɓa yi mini alkawarin abin da ba ta da iko a kansa ba.

Batun kuɗin aikinsu ma yana da alaƙa da ƙarin. Da sa'a suke caji, kowane mataki na ma'aikaci da farashinsa, kuma ana rubuta lokacin ne a gutsuren minti shida-shida. Kuɗinsu, da na lauyoyin da suka tsaya musu a neman ƙarin wa'adin, duk daga dukiyar kamfanin ake cira kafin marasa jingina su ga ko santi ɗaya. Rahoton da suka kawo don neman amincewarmu a tsare yake, an rarraba aikin gida-gida, kuma ban ga inda babban jami'i ya yi aikin da ƙarami zai iya yi ya caje mu da tsada ba. Abin da ya rage shi ne ba su faɗa mana tun lokacin zuwa kotu nawa ƙarin wata uku zai ƙara a kan ƙiyasinsu na farko ba, sai a ƙarshe muka ga adadin ya haura. Wanda aka nemi ya yi haƙuri da jira ya cancanci a faɗa masa farashin jiran kafin ya soma.

Akwai abu biyu da suka yi waɗanda suka ɗaga darajarsu a idona. Na farko, sun roƙi kotu ta ba su damar kiran taron a kowane lokaci cikin sabon wa'adin, irin umarnin da aka sani tun shari'ar Daisytek ta 2003, kuma da cinikin ya kammala ba su zauna jiran wa'adin ya cika ba, suka kira mu saura makonni. Na biyu shi ne zaɓen hanyar kotun ita kanta. Suna iya buɗe taron a kan lokaci sannan a ɗage shi har zuwa kwanakin aiki 45, ko kuma su kawo yarjejeniyar da babu abin da ke cikinta sai riƙe al'amura yadda suke har a gama bincike, wadda kotun ƙoli ta ƙasar ta halatta a shari'ar Mighty River da Hughes a 2018, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. Hanyar kotu ta fi tsada, amma ta tilasta musu rantsuwa a kan dalilansu a gaban wanda ba shi da rabo a cikin dukiyar, kuma ta bar mana takardar da za mu riƙe su da ita.

Rahotonsu na taro na biyu ya nuna inda watannin suka tafi. Sun jera abin da kowane rukuni zai samu a ƙarƙashin yarjejeniya da abin da zai samu idan an rushe kamfanin, kowanne da ƙiyasi na sama da na ƙasa. Sun kuma bayyana abin da za mu sarayar idan muka zaɓi yarjejeniya, domin kuɗin da kamfanin ya biya wasu masu bin bashi ya fifita su a kan saura cikin wata 6 kafin naɗin, da kuma ƙarar da za a iya kai daraktoci a kan ci gaba da cin bashi bayan kamfanin ya karye, duk sai an rushe kamfanin ne jami'in da aka naɗa don rushewar yake samun ikon bin su. Sun faɗi abin da suke ganin za a iya ƙwatowa, da shekarun da shari'ar za ta iya ɗauka, da kuɗin da za ta ci, kuma ban ga alamar sun rage wa wannan ɓangare ƙarfi don su karkata mu ba. Sai dai rahoton mai kauri ne ƙwarai, kuma ya iso ne kwanakin aiki 5 kafin taron, wato daidai mafi ƙarancin abin da dokar ta yarda da shi. Su sun samu watanni suna nazari, mu aka ba mu mako guda mu karanta, mu nemi shawara, mu cika takardar wakilci. Ba abin da ya hana su ninka wannan lokaci, tun da wa'adin kotun bai cika ba.

Ƙuri'a tana buƙatar rinjaye biyu, na yawan mutane da na yawan kuɗin bashi, in kuma suka saɓa, shugaban taro yana da ƙuri'ar raba gardama. A namu taron ba a kai ga haka ba, yarjejeniyar ta wuce ta ɓangarorin biyu, aka sa mata hannu cikin kwanakin aiki 15 da dokar ta tanada. Mafi yawan ma'aikata sun koma hannun sabon mai masana'antar da shekarun aikinsu, waɗanda aka sallama kuma aka biya su kafin kowa. Mu marasa jingina abin da ya zo mana kaɗan ne, amma ya fi ƙiyasin rushewa, kuma sabon mai masana'antar ya ci gaba da sayen kwalayena, dattijon nan ma ya ci gaba da dako. Da an yi taron a kan wa'adin farko, babu tayi a ƙasa, da rushewa muka zaɓa.

Najeriya ta shigo da irin wannan tsarin riƙo a dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, ko da yake ta fi bin salon Ingila, saboda haka 'yan kasuwarmu masu ba manyan kamfanoni kaya bashi za su riƙa cin karo da takardun kantomomi, kuma tambayoyin da suka dace a yi musu ba za su bambanta sosai ba. Idan daraktan da ke neman wanda zai riƙe masa kamfani ya tambaye ni game da wannan ofishi, zan ce masa sun iya bincike, sun iya sayarwa, kuma ba sa wasa da amanar kuɗi. Idan kuwa ɗan'uwana mai bin bashi ne ya ga sunansu a kan takarda, zan ce masa kada ya nemi a sauya su, amma ya nemi kujera a kwamitin sa ido tun a taro na farko, ko a haɗu a tsayar da mutum ɗaya daga cikin ƙananan masu bin bashi, kuma da zarar an ambaci zuwa kotu ya buƙaci a rubuta a cikin bayanan taron tsawon lokacin da za a nema, da abin da zai ci, da kuma alkawarin aiko wa kowa rahoto duk wata har ranar taro na biyu.